Digiri na biyu ko lasisi? Amsa ga mai son zama jami'ar lafiyar muhalli

Wata 'yarmu daga Aboabo, a nan Kumasi, ta aiko da tambaya. Ta gama digiri na farko a kimiyyar halittu a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ta kammala hidimar ƙasa, kuma aikin jami'an lafiyar muhalli ne ya kwanta mata a rai. Tana so ta san ko ta nemi digiri na biyu a fannin lafiyar jama'a a KNUST ko jami'ar Ghana da ke Legon, ko kuwa ta yi ƙoƙarin tafiya Ingila inda ta ji ana yin kwas ɗin shekara ɗaya a fito ma'aikaci. Ta kuma ce mahaifinta yana cewa aikin tankas, wato duba-gari, bai kai a kashe masa kuɗin mastas ba.

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa wa karatun albarka.

Abu biyu kika haɗa wuri ɗaya, kuma yawancin masu zuwa ofishinmu da irin tambayarki haka suke haɗa su. Digiri na biyu daban, izinin yin aikin daban. Jami'a ce ke ba da digiri, amma ba ita ke cewa wance ta isa ta shiga gidan mutane ta duba makewayi, ta rufe shagon abinci, ko ta rubuta sammaci ba. A Ghana wannan izinin yana hannun majalisar da ke kula da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba ne, ba kuma nas-nas ba, wato AHPC, wadda doka mai lamba 857 ta shekarar 2013 ta kafa. Abin da take dubawa shi ne horon asali na sana'ar, daga kwas ɗin da ta amince da shi, sannan jarrabawar lasisi. Saboda haka kada ki ɗauka cewa da kin riƙo takardar MPH, wato mastas a lafiyar jama'a, shi ke nan kin zama jami'ar tsafta. Na sha ganin matasa da takardu masu nauyi suna zaune a benci a ofishin asambili, wato ƙaramar hukuma, wanda ya yi difloma kuwa yana da lambar rajista a aljihu, shi ake turawa unguwa.

To kafin ki biya ko sidi ɗaya na fom, ki rubuta wa AHPC takarda, ki haɗa da sakamakon digirinki da sunan kwas ɗin da kike son yi, ki tambaye su kai tsaye: in na gama wannan, za ku bar ni in zauna jarrabawar lasisi a matsayin jami'ar lafiyar muhalli? Ki nemi amsar a rubuce. Maganar baki da wani ya faɗa miki a bakin taga ba za ta tsaya miki ba bayan shekara biyu, lokacin da aka canza na kan kujerar. Haka kuma ki duba ko hukumar GTEC, mai kula da manyan makarantu tun 2020, ta amince da kwas ɗin kansa, ba jami'ar kaɗai ba. Makaranta tana iya zama da rajista alhali wani sabon kwas nata bai samu ba tukuna.

Tsohuwar hanyar shiga sana'ar ita ce makarantun da ake kira School of Hygiene. Uku ne: ta Accra a Korle Bu, wadda aka buɗe tun 1925, da ta Tamale, da ta Ho. Diflomar shekara uku ce, kuma rabin amfaninta a waje da aji yake, a kasuwa da mahauta da bola da kotu. Kusa da mu kuma akwai reshen jami'ar koyon sana'o'i da aka sani da AAMUSTED da ke Mampong, inda ake yin digiri na farko a lafiyar muhalli da tsafta, kuma ma'aikatanmu da yawa masu difloma can suka je suka ƙara. Na san mai digirin KNUST za ta ji nauyin a ce ta koma ajin difloma. Amma in gaskiya so kike ki sa yunifom ki yi aikin da hannunki, wannan ƙofar ce mafi tabbas, kuma ilimin halittun da kika riga kika yi zai sa darussan ƙwari da ƙwayoyin cuta su zo miki da sauƙi.

Akwai wata ƙofar. Tsarin aikin ƙananan hukumomi ya ware layi na masu digiri, masu nazarin lafiyar muhalli, da kuma layin injiniyoyin lafiyar jama'a. A nan ne digiri na biyu yake da daraja sosai, domin aikinsu ya fi karkata ga tsara shiri, tattara alƙaluma, sa ido kan 'yan kwangilar kwashe shara, da rubuta rahoto. Ofishin shugaban ma'aikatan ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar mutane ya rarraba su cikin asambili 261 na ƙasar nan, kuma ba ya ɗauka sai ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin biyan albashi. Ki san wannan tun yanzu. An yi lokutan da waɗanda suka gama makarantun tsafta suka zauna shekaru a gida suna jiran a tura su aiki, har suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikata a Accra. Wani ɓangare na matsalar shi ne sana'ar ba ta zauna ƙarƙashin uwa ɗaya ba. Da tana ma'aikatar lafiya, aka mayar da ita ta ƙananan hukumomi, a 2017 aka ƙirƙiro ma'aikatar tsafta da albarkatun ruwa, a 2025 kuma aka rushe ta. Kowane sauyi sai fayil ɗin wani ya kwana a hanya.

Bari in nuna miki aikin kansa, don ki auna ko karatun da kike nema zai ba ki shi.

Ki ɗauki gidan haya irin namu na Aboabo ko Asawase, ɗaki goma sha wani abu sun kewaye tsakar gida. Ba a faɗa wa gida haka kawai. Sai kin yi sallama, kin nemi mai gida ko babbar matar gidan, kin gaisa har da tambayar jikin tsohuwa, sannan ki faɗi abin da ya kawo ki. Daga nan idonki ya fara aiki. Ki buɗe murfin duro ki ɗebo ruwan saman da ludayi ki kai haske: in kika ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, 'ya'yan sauro ne, kuma ya kamata ki san wane iri. Na duro da tsofaffin tayoyi yawanci shi ne mai ɗauke da shawara da zazzaɓin dengi, na kwata mai wari shi ne mai hana barci, mai kawo maleriya kuwa ya fi son tsaftataccen ruwan da ya kwanta a rana. Maganin kowanne daban ne, don haka wanda bai bambance su ba feshi kawai zai yi ta yi. Ki zaga bayan banɗaki ki ga inda ruwan wanka yake bi, ko rami aka yi masa ko lungu aka sakar masa. Sai ki tambayi makewayi. A gidaje da yawa za a nuna miki wani ɗaki mai labule, a ce ai da nan ne, mai gida ya rushe ya sa ɗan haya. Mutanen gidan gaba ɗaya sai layin bayan gida na kuɗi da asuba, yaro da mai gudawa da dare kuwa sai baƙar leda, ledar kuma ta ƙare a rafin Pelele.

A nan jami'a take da zaɓi. Doka ta ba ta dama ta rubuta takardar gargaɗi mai wa'adi, in wa'adi ya cika ba a gyara ba ta kai kotu, tana dogara da dokokin asambili, da dokar lafiyar jama'a mai lamba 851 ta 2012, da sashen abubuwan damun jama'a na dokar laifuka ta 1960. Amma wa za ki rubuta wa? Mai gida ya rasu, magada goma sha, rabinsu suna Accra ko ƙasar waje, wanda ke karɓar kuɗin haya ya ce shi ɗan aike ne. In kika maka matar da kika tarar tana wanke-wanke a kotu, kin ci tarar wadda ba ta da iko, makewayi kuma bai ginu ba. Gwanar jami'a takan nemi wanda magada ke jin maganarsa, ko limamin unguwa ne ko sarkin zango, ta zauna da su, ta kawo musu labarin shiri irin wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, wanda ya fara a Accra aka faɗaɗa shi zuwa Kumasi, inda aka riƙa gina makewayin gida a farashi mai rangwame. Sammaci sai ya zama abu na ƙarshe. Babu ajin mastas da zai koya miki wannan zaman. A bayan wani tsohon ma'aikaci ake koyonsa, ana biye da shi lungu-lungu.

Ko ki ɗauki mahauta. A babbar mayankar Kumasi da ke Kaase da ƙananan wuraren yanka, duba nama aiki ne da likitocin dabbobi da jami'an tsafta ke da hannu a ciki. Ana tsaga hanta a duba hanyoyin ɗaci ko akwai tsutsar hanta, a shafa huhu a yanka kaluluwa a ga ko akwai ƙullutun tarin fuka, a tsaga naman muƙamuƙi da zuciya a nemi ƙwayayen tsutsar ciki masu kama da ƙwayar shinkafa. Wannan duk ana koyonsa. Abin da ya fi wuya shi ne ki dubi dattijon mahauci, wanda ya san kakanki, ki ce masa Baba, wannan hantar ba za ta shiga kasuwa ba. Yawancin mahautan garin nan mutanenmu ne. Hausarki da sanin ya kamata za su buɗe miki ƙofofin da abokan aikinki ba za su iya buɗewa ba, su ne kuma za su sa a riƙa aiko miki da gaisuwa gida ana neman alfarma. Ki shirya wa duka biyun.

To me digiri na biyu yake ƙarawa? Abu mai yawa, in an yi shi a kan lokaci. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, sama da 200 suka rasu, mafi yawansu a yankin Accra. A irin wannan lokacin jami'in unguwa ya san gidan da aka yi amai da gudawa, ya san yadda ake feshin kulorin da yadda ake binne gawa ba tare da cutar ta bi masu wanka ba. Amma wanda zai jera sunayen marasa lafiya bisa rana da unguwa, ya zana taswira, ya gano cewa yawancinsu daga famfo ɗaya ko mai abinci ɗaya suka ci suka sha, ya kuma tabbatar da haka da lissafin da zai gamsar da darakta ya saki kuɗi, shi ne wanda ya karanta ilimin yaɗuwar cututtuka da ƙididdiga. Gwajin ruwa ma haka ne. Kowa zai iya jefa ƙwayar gwaji cikin 'yar kwalba ya ga ruwan ya yi ja-ja, ya karanta ko kulorin ɗin da ya saura ya kai miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. Amma daga wurare nawa za a ɗebo, a wane lokaci, sau nawa, kafin a ce ruwan unguwa gaba ɗaya ba shi da lafiya? Wannan tambayar ta ɗan mastas ce.

Kwasa-kwasan kuma ba ɗaya ba ne, ko da sunayensu sun yi kama. MPH na makarantar lafiyar jama'a ta Legon, wadda aka kafa a 1994, da na KNUST, na kowa da kowa ne: likita, nas, mai harhaɗa magani, duk aji ɗaya. Za ki fito da faɗin sani, amma lafiyar muhalli kaso ne kawai a ciki, sai in kin karkata zaɓaɓɓun darussanki da bincikenki can. Dukansu biyu suna da sashen da ya keɓanta da lafiyar muhalli da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, kuma wannan reshen ne ya fi kai mutum kamfanonin haƙar zinariya irin na Obuasi da Tarkwa, da masana'antun Tema, inda ake auna ƙura da ƙara da sinadarai. Albashin can ya fi na asambili nesa ba kusa ba, ba zan ɓoye miki ba. Sai kuma kwas ɗin samar da ruwa da tsaftar muhalli da ke sashen injiniyan gine-gine na KNUST, mai alaƙa da cibiyar nazarin ruwa da tsafta ta jami'ar, RWESCK. Wannan na masu son zanen magudana, wurin tace kashin masai da tsarin bola ne, kuma lissafinsa da nauyi. A Legon akwai shirin horar da masu binciken annoba a fagen aiki, wanda ya fi dacewa da wanda ya riga ya shiga aikin gwamnati. Jami'ar kimiyyar lafiya ta UHAS ma tana da makarantar lafiyar jama'a a Hohoe, jami'ar UDS kuma a Tamale.

Ki lura da bambancin MPH ko MSc da MPhil. Na farkon gajere ne, darussa da ɗan bincike. MPhil shekara biyu ne, shekara guda cur ta bincike, kuma shi ake nema ga mai son koyarwa a jami'a ko wucewa digiri na uku. In ba koyarwa ce a ranki ba, kada ki ɗora wa kanki shekarar da ba ki buƙata.

Ra'ayina, tunda kin tambaya: ki fara taɓa aikin, ko da na sa-kai ne a sashen tsafta na asambilin Asokore Mampong ko na birnin Kumasi, KMA, ko a wata ƙungiyar ruwa da tsafta, sannan ki tafi mastas da tambayar da ta hana ki barci. Ana gane ɗalibin da ya zo daga fage tun ranar gabatar da taken bincike. Wanda bai taɓa fita ba sai ya kawo taken nan da aka gaji da shi, sani da ra'ayi da ɗabi'ar mutane game da wanke hannu, ya raba takardun tambaya ya tattara. Alhali ga tambayoyi zube a ƙofar gidanku. Masu babbake ganda da ƙafafun shanu da tsofaffin tayoyi, me hayaƙin yake bari a jikin naman da kuma ƙirjin yaran da ke aikin? Rijiyoyin burtsatse da ake sayar da ruwansu a zango, nawa ne suka yi nisan mita 30 daga masai, kuma me gwaji yake nunawa da damina? Masu koko da waake da cicinga da ake sa su gwajin lafiya kowace shekara a ba su kati, shin katin yana canza yadda ake ajiye miya daga safe zuwa azahar, ko kuwa kuɗin shiga ne kawai ga asambili? Kowace ɗaya daga cikinsu ta isa kundin digiri, kuma ke za a ba amsar gaskiya, don da harshenku za ki tambaya. Sai dai ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jiran wannan takardar ya sha jinkirta wa ɗalibai kammalawa.

Batun Ingila kuma, abin da kika ji gaskiya ne amma rabi. A can mai digirin kimiyya yana iya shiga sana'ar ta hanyar MSc da CIEH, cibiyar ƙwararrun lafiyar muhalli ta can, ta amince da shi, kamar na jami'ar Birmingham, ko Leeds Beckett, ko UWE a Bristol. Shekara ɗaya ce ga mai karatu cikakken lokaci. Amma gama kwas ɗin ba shi ne rajista ba. Sai mutum ya samu wurin aiki, yawanci a ƙaramar hukuma, ya tara kundin ayyukan da ya yi da hannunsa a fannonin abinci, gidaje, lafiyar wurin aiki, kare muhalli da lafiyar jama'a, sannan ya zauna gaban ƙwararru su yi masa tambayoyi. Ga baƙo, samun wannan wurin aikin shi ne tsaunin, don yana haɗe da biza. Kuma abin da ake koyarwa dokokinsu ne: dokar abinci ta 1990, dokar gidaje ta 2004, dokar lafiya a wurin aiki ta 1974. Za ki ƙware a kan danshin bango da na'urar ɗumama ɗaki, ki dawo Aboabo ki tarar da kwata. Kuɗin makaranta ga baƙi ya wuce fam 15,000 a yawancinsu, ban da ci da haya, kuma tun Janairun 2024 mai irin wannan mastas ɗin ba ya tafiya da miji ko 'ya'ya a kan bizarsa.

In zama can kike nufi, hanyar CIEH ce daidai. In kuwa dawowa za ki yi, kwasa-kwasan ruwa da tsafta na cibiyar WEDC a jami'ar Loughborough, ko na IHE Delft a Holan, ko lafiyar jama'a a makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, sun fi kusa da matsalolinmu. Tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, Chevening, yana neman shekara biyu ta aiki kafin a nema, ya kuma sharɗanta komawa gida bayan karatu, to kin ga ko ta nan aikin ne ke gaba. Akwai kuma tallafin Commonwealth. Duk takardar da kika kawo daga waje sai GTEC ta tantance ta, sannan ki koma gaban AHPC ɗin nan dai.

Maganar Baba kuwa, kada ki yi gardama da shi. Abin da ya gani yake faɗa. Mutanen zamaninsa sun san tankas da leƙa randa da cin tara, tun daga lokacin Turawa da ake farautar sauron shawara gida-gida, kuma wasu daga cikinmu sun ɓata sunan aikin da karɓar na goro. Ki tuna masa cewa lokacin korona a 2020 jami'an nan ne suka tsaya a kan binne waɗanda cutar ta kashe, kuma inda aka samu Musulmi a cikinsu iyalai sun fi samun wanda zai saurare su a kan sallar gawa da fuskantar alƙibla. Ki gaya masa akwai ɗakunan da namiji baƙo ba zai taɓa shiga ba a gidajenmu, mace kuwa za ta shiga har ƙuryar da ake ajiye ruwan sha. A kan kuɗin ma yana da gaskiyarsa: in kika samu aikin gwamnati tukuna, akwai hutun ƙaro karatu da ake ba ma'aikaci bayan ya yi wasu shekaru, akwai kuma azuzuwan ƙarshen mako da na lokacin hutu da jami'o'inmu ke yi domin ma'aikata, ta yadda albashinki ne zai biya, ba aljihunsa ba.

In kin samu amsar AHPC, ki kawo mini ita tare da jerin darussan kwas ɗin da kika zaɓa mu duba tare. Ki gaida Baba da mutanen gida.